Sa'ad Da Muka Roƙa Amma Amsa Ba Ta Zo Ba

 Al'adar wannan littafi ce a ƙarshen kowace shekara mu lissafta abubuwan da Allah ya yi mana: waɗanda suka ci jarrabawa, waɗanda suka warke, da kofin da aka ciwo a wasanni. Wannan daidai ne, gama godiya wajibi ce a kanmu. Amma a wannan karo muna so mu yi magana da waɗanda suke ganin ba su da abin lissaftawa.

Ga dalili. A zango na 2, wata ɗaliba 'yar aji 5 ta sami saƙo cewa mahaifiyarta tana kwance a asibiti. Makaranta duka ta sa ta cikin addu'a. Kowace safiya a majami'a sai an ambaci sunan mahaifiyar. Ƙawayenta na ɗakin kwana suka yi azumin kwana 3. Zumuntar mata ta garinsu ma ba ta huta ba. Bayan mako 2 kawunta ya zo da babur ya ɗauke ta, domin mahaifiyar ta rasu. Da ta komo bayan jana'iza, wata ranar Lahadi da yamma ana ba da shaida, sai wani ɗalibi ya tashi yana murna cewa Allah ya warkar da mahaifinsa. Aka yi tafi, aka buga ganga. Ita kuwa tana zaune a bencin baya, kanta a sunkuye. Da aka tashi ta tare mu a bakin ƙofa ta ce, "Malam, mu ma fa mun yi addu'a. Me ya sa aka ji tasa, ba a ji tawa ba?"

Ba mu ba ta amsa a ranar ba, gama ba mu da ita. Mun kuma san ba ita kaɗai take da wannan tambaya ba. Akwai wanda ya roƙi kuɗin makaranta amma aka kore shi gida. Akwai wadda ta rubuta JAMB sau 3. Akwai ma'auratan da suka shekara 10 ba haihuwa. Saboda su ne muka ga ya kamata mu zauna mu duba wannan magana tare.

BA MU NE NA FARI BA

Abu na farko da mai baƙin ciki yakan yi zato shi ne, shi kaɗai Allah ya ƙi ji. Littafi Mai Tsarki bai yarda da wannan zato ba. Bari mu duba mutum 4.

Musa ya bi da Isra'ilawa shekara 40 cikin jeji. Da suka kusa shiga Kan'ana, ya roƙi Ubangiji ya bar shi ya haye Urdun ya ga ƙasar. Ubangiji ya ƙi, har ya umarce shi kada ya ƙara ta da maganar. Ya hango ƙasar daga Dutsen Nebo, ya mutu a can yana da shekara 120. Wannan yana cikin Maimaitawar Shari'a sura 3 da sura 34.

Dawuda ya kwanta a ƙasa yana azumi yana kuka saboda jaririnsa da ba shi da lafiya. A rana ta 7 yaron ya mutu, kamar yadda 2 Sama'ila sura 12 ta nuna.

Manzo Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, yana da wata damuwa da ya kwatanta da ƙaya a jiki. Sau 3 ya roƙa a cire masa ita. Ba a cire ba. Abin da aka ba shi shi ne alherin da zai iya zama da ita. Mu karanta 2 Korintiyawa sura 12. Shi ɗin ne kuma ya rubuta wa Timoti cewa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya.

Na 4 kuwa shi ne Ubangijinmu da kansa. A gonar Getsamani ya faɗi rubda ciki, sau 3 yana roƙon Uba, in mai yiwuwa ne, ya kawar masa da wahalar da ke gabansa. Kashegari aka gicciye shi. To, wa zai ce Yesu ba shi da bangaskiya? Wa zai ce zunubi ne ya tare addu'arsa? Idan Ɗan Allah ya san ɗacin wannan abu, ashe ba alamar cewa Allah ya yashe mu ba ne.

ME MUKE NUFI DA RASHIN AMSA?

Sau da yawa idan muka ce Allah bai amsa ba, abin da muke nufi shi ne bai ba mu abin da muka ambata ba, a lokacin da muka sa masa. Idan muka bi labaran Littafi Mai Tsarki a hankali za mu ga abin yakan kasu kashi 4.

Na ɗaya, wani lokaci amsar ita ce a'a, domin abin da muka roƙa zai cuce mu. Yaro yakan yi kuka a ba shi reza saboda tana walƙiya, uwa kuwa ta hana shi domin tana ƙaunarsa. Annabi Iliya, bayan ya gudu daga Yezebel, ya zauna a ƙarƙashin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah ya ba shi abinci da ruwa da barci, daga baya ya ba shi sabon aiki. Wannan yana cikin 1 Sarakuna sura 19. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce wani hani ga Allah baiwa ne.

Na biyu, wani lokaci amsar ita ce a jira. Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran da alkawarin zuriya. Yana da shekara 100 aka haifi Ishaku. Jiran shekara 25 ke nan. Maryamu da Marta sun aika wa Yesu cewa Li'azaru ba shi da lafiya, amma ya ƙara kwana 2 a inda yake, bai iso Betanya ba sai da mamacin ya kwana 4 a kabari. Mu da muke 'ya'yan manoma mun san gero da dawa a gona ɗaya ake shuka su, amma ana girbe gero a ci a ƙoshi, dawa tana nan tsaye ba ta nuna ba. Manomi ba ya sare dawarsa don haushin jinkirinta.

Na uku, wani lokaci Allah yakan ƙi abin da bakinmu ya faɗa domin ya ba mu abin da zuciyarmu take nema. Za mu ga misalin wannan nan gaba kaɗan.

Na huɗu shi ne mafi wuya, kuma shi ne wanda masu wa'azi sukan tsallake. Akwai shirun da ba mu da fassararsa a wannan duniya. Ayuba ya rasa 'ya'ya 10 a rana ɗaya. Da Ubangiji ya yi magana da shi a ƙarshen littafin, bai gaya masa dalilin wahalarsa ba ko kaɗan. Ya nuna masa girmansa ne kawai. Rasuwar mahaifiyar ɗalibarmu a wannan kashi take. Duk wanda ya ce ya san dalilinta, ya faɗi abin da Allah bai gaya masa ba.

SHIN LAIFINMU NE?

Ba za mu ɓoye ba, Littafi Mai Tsarki ya ambaci abubuwan da suke tare addu'a. Wasiƙar Yakubu sura 4 ta yi magana a kan roƙo da mugun nufi. Zabura 66 ta yi magana a kan zunubin da mutum ya rungume a zuciya. Markus sura 11 ta haɗa addu'a da gafarta wa wanda ya yi mana laifi. Saboda haka yana da kyau mutum ya binciki kansa. Ɗalibin da ya kwana da littattafansa a rufe zango duka, sa'an nan ya yi azumi daren jarrabawar WAEC, kada ya ce Allah bai ji shi ba. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa da takardar satar amsa a cikin safa yana roƙon kada a kama shi, wannan ba addu'a yake yi ba, yana neman Allah ya zama abokin satarsa ne. Haka kuma mai zazzaɓi ya yi addu'a, ya kuma tafi asibiti ya sha magani. Luka, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan bishara 4, likita ne.

Amma binciken kai dabam yake da hukunta wani. Abokan Ayuba 3 sun yi daidai a kwana 7 na fari, da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suka nace lalle akwai zunubin da ya ɓoye, sai suka ɓata komai. A sura 42 Allah ya yi fushi da su. Haka kuma a Yohanna sura 9, almajirai sun tambaya ko zunubin makahon nan ne ko na iyayensa ya jawo makantarsa, Yesu ya ce ba ko ɗaya.

A nan za mu gargaɗe ku, ɗalibai. Idan kun fita duniya za ku gamu da masu cewa duk wanda bai warke ba, bangaskiyarsa ce ƙarama, ko kuwa bai ba da isasshen baiko ba. Waɗansu har sukan sayar da mai ko ruwa da sunan mu'ujiza. Irin wannan koyarwa tana ɗora wa mai rauni kaya biyu: ga ciwo, ga zargi. Addu'a ba ciniki ba ce. Mu 'ya'ya ne muna magana da Uba, shi kuwa ba a sayen tagomashinsa.

DAGA TARIHIN IKKILISIYA

Mun yi alkawarin misali a kan kashi na uku. Monika wata mai bi ce 'yar Afirka ta Arewa, daga garin Tagaste, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Ɗanta Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354, mai ilimi ne ƙwarai, amma ya juya wa bangaskiyar uwarsa baya. A shekara ta 383 ya ƙudura zai tafi Roma. Monika ta ji tsoro cewa can zai ƙarasa lalacewa, ta bi shi har bakin teku a Kartaj tana roƙon Allah ya hana tafiyar. Ya ruɗe ta, ya shiga jirgin ruwa da dare ya tafi. A ganinta addu'a ta faɗi ƙasa. Amma daga Roma ya wuce Milan, inda ya ji wa'azin Bishop Ambros. Ya tuba a 386, aka yi masa baftisma a lokacin Ista na 387. A shekarar nan Monika ta rasu, bayan ta ga abin da ta daɗe tana kuka a kai. Tafiyar da ta roƙa a hana, ita ce hanyar ceton ɗanta.

Ga wani misali daga ƙasarmu. A watan Disamba na 1893 samari 3, wato Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka, suka sauka a Ikko da niyyar kawo bishara cikin ƙasashen arewa. Akwai masu bi a ƙasashensu da suke yi musu addu'a, har da mahaifiyar Gowans. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku kusa da Zariya, Kent kuma ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jiki. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan ta fari a Patigi. Bingham ya rasu a 1942, ikkilisiyar ECWA kuwa, wadda ta fito daga wannan aiki, an kafa ta a 1954. Ba ko ɗaya cikin su 3 da ya ga wannan rana. Ba muna cewa mutuwar samarin nan abin murna ce ba. Uwa ta rasa ɗanta, ba a kuwa mayar mata da shi ba. Abin da muke cewa shi ne, wani lokaci amsar addu'a takan fi ran mai roƙon tsawo.

ABIN DA IDONMU YA GANI

A Ayyukan Manzanni sura 12 akwai labari 2 a jere. Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna ya kashe shi da takobi. Ya kama Bitrus kuma, amma mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku da dare. Manzanni 2, sarki ɗaya, ikkilisiya ɗaya. Luka ya rubuta duka biyu, bai ba da dalilin bambancin ba.

Mu ma mun ga irin wannan. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Duniya duka ta yi addu'a. Aka sako 21 a watan Oktoba 2016, aka sako 82 a watan Mayu 2017, amma shekara 10 bayan sacewar akwai iyayen da ba su ga 'ya'yansu ba, waɗansu iyayen ma sun mutu suna jira. A watan Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata fiye da 100 a Dapchi. A watan Maris aka komo da sauran da suke da rai, ban da Leah Sharibu, wadda ta ƙi musun bangaskiyarta. A watan Janairu 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi na Michika. Ikkilisiyoyi suka durƙusa dominsa, amma a cikin watan aka kashe shi. A ranar 5 ga Yuli 2021 aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a Jihar Kaduna. Aka riƙa sakin su kashi kashi, na ƙarshe bai komo gida ba sai a watan Nuwamba 2023.

Shin iyayen da 'ya'yansu suka komo sun fi sauran iya addu'a ne? Ko kusa. Ibraniyawa sura 11 ta jera waɗanda suka tsere wa takobi ta wurin bangaskiya, ta kuma jera waɗanda aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida. Mu tuna kuma, muguntar mutum ce ta yi waɗannan abubuwa. Addu'a ba ta ɗauke wa hukuma da al'umma nauyin tsare makarantu da neman waɗanda aka sace ba.

YADDA ZA MU JIMRE

To, me za mu yi sa'ad da muke cikin wannan hali? Ga shawara 6.

1. Mu gaya wa Allah gaskiyar zuciyarmu. Cikin zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin 3 na kuka ne da kai ƙara. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, duk da haka tana cikin Littafi Mai Tsarki. Kalmomin da Yesu ya yi kuka da su a kan gicciye daga Zabura 22 suke. Wanda ya kai kukansa wurin Allah bai bar bangaskiya ba, gama ba a kai ƙara wurin wanda ba a yarda yana nan ba.

2. Kada mu daina addu'a, ko da ta zama gajeruwa. Idan kalmomi sun ƙare, mu karanta zabura ɗaya a hankali, ko mu yi Addu'ar Ubangiji. Romawa sura 8 ta koya mana cewa Ruhu Mai Tsarki yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin da za mu ce ba.

3. Kada mu ware kanmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Getsamani ma Yesu ya nemi almajirai 3 su zauna kusa da shi. Mu nemi fasto, ko malami, ko wani dattijo mai riƙon amana mu faɗa masa. Idan baƙin ciki ya hana mutum ci da barci kwana da kwanaki, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa masa, a gaya wa babba nan da nan, a kuma ga likita. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

4. Mu riƙa tunawa da abin da Allah ya riga ya yi. Muna ba kowane ɗalibi shawara ya ware ƙaramin littafin rubutu, ya riƙa sa kwanan wata da abin da ya roƙa, ya bar fili a gefe. Bayan shekara ɗaya ya duba. Zai ga waɗansu an amsa ya manta, waɗansu zai yi godiya da ba a amsa ba, waɗansu kuma filin yana nan fari. Duka 3 gaskiya ne.

5. Mu yi aikin da ke gabanmu. Da aka gaya wa Dawuda yaron ya mutu, ya tashi ya yi wanka, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, sa'an nan ya ci abinci. Wanda ya faɗi jarrabawa ya ɗauki littafi ya sake shiri. Wanda ba a karɓe shi jami'a ba ya koyi sana'a yana jira.

6. Mu riƙe Allah da kansa fiye da kyautarsa. Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da iko ya cece su daga wuta, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Sun faɗi haka tun ba su san yadda abin zai ƙare ba. Begenmu na ƙarshe shi ne tashin matattu. Addu'ar Getsamani ba ta hana gicciye ba, amma a rana ta 3 kabari ya zama wofi.

GA MALAMAI, IYAYE DA DATTAWA

Mu ma akwai gyara a wajenmu. Idan muka je gaisuwar mutuwa, kada mu yi saurin fassara nufin Allah. Zama shiru, da ɗebo ruwa, da kawo kwanon tuwo, da biyan kuɗin makarantar maraya, sukan yi wa'azin da baki ba zai iya ba. A lokacin shaida kuma, bari mai bi da sujada ya tuna da waɗanda suke bencin baya. Bayan an yi godiya domin wanda ya warke, a ɗauki minti 2 a yi addu'a domin waɗanda suka yi rashi, da waɗanda suke jira har yanzu. Mun fara yin haka a majami'armu tun daga wancan zango.

Ɗalibar nan tamu ba ta sami amsar tambayarta ba, mu ma ba mu samu ba. Ta yi makonni ba ta buɗe baki a lokacin waƙa. Ƙawayenta ba su matsa mata ba, sai dai ba su bar ta ta zauna ita kaɗai ba. A zango na 3, da mahaifin wani yaro ɗan aji 1 ya rasu, ita ce ta fara zuwa ta zauna kusa da shi a ƙarƙashin dalbejiya har aka kaɗa ƙararrawar abinci. Ba mu san abin da ta gaya masa ba. Watakila ba ta ce komai ba.

Ku da kuke fita bana, za ku yi addu'o'i da yawa a rayuwarku. Waɗansu za a amsa su tun ba ku tashi daga durƙuso ba. Waɗansu za ku tsufa kuna jira. Sa'ad da wannan rana ta zo, ku tuna ba ku ne na fari ba, ba kuwa an yashe ku ba ne. Komai nisan dare, gari zai waye. Ubangiji ya riƙe ku, ya ƙarfafa masu makoki a cikinmu, ya koya mana mu dogara gare shi ko da bai gaya mana dalili ba. Amin.